Illa da Alama: Sharhi a kan Faɗuwar Masu Gida

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar matasa a Birnin Kebbi da yammacin Lahadi, sa'ad da rana ta yi sanyi, mai shayi ya hura gawayinsa, sakamakon wasannin ƙwallo ya fara shigowa ta rediyo da wayoyin hannu, ya san cewa babu mas'alar da ake yanke wa hukunci da gaggawa kamar ta ƙungiyar da ta sha kaye. Kafin a sauke butar farko an riga an gurfanar da masu laifi, an kuma ɗaure su: wannan ya ce koci ne bai san aikinsa ba, wancan ya ce alƙalin wasa ya ci kuɗi, na gefe ya rantse an sayar da wasan tun daren jiya, wani dattijo kuma ya rage murya ya ce ai an yi musu asiri, an binne wani abu a bakin raga. Ba na raina wannan hira, domin ni ma a cikinta na girma, kuma ita ce rabin daɗin ƙwallo. Sai dai hukunci ne da ba a nemi bayyina kafin a zartar da shi ba, kuma da alƙalin kotu zai yi irinsa a kan gona ko gado, da tuni an kai ƙararsa gaban na sama da shi.

Nufina a nan in ɗauki faɗuwar da ta fi kowace girgiza masu son ƙwallo a Arewa, wato ta Kano Pillars a kakar 2021/2022, in bi ta a hankali kamar yadda ɗalibi ke bin mas'ala a gaban malaminsa. Idan wani Bakano ya ce me ya kai Bakabe tsoma baki cikin sha'anin Kano, sai in tuna masa, cikin raha, cewa a Kano ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa Liya'ul Hukkami, kuma mutanen garin ne suka roƙe shi. Ni ban kai in ɗauki takalminsa ba, amma dai hanyar tsohuwa ce.

Mutanen Argungu suna da wata fahimta da masu sharhin wasanni suka rasa. Ranar babban su a Matan Fada, dubban masunta kan ruga cikin ruwa a lokaci guda, kowa da homarsa da goransa, kuma mafi yawansu haka za su fito babu wani abin a zo a gani. Duk da haka ba za ka ji wani mai hankali ya ce wane ya manta da su ba. Abin da ake fara tambaya shi ne ruwan: yaya damina ta kasance, ambaliya ta cika fadama ko ba ta cika ba, an kiyaye haramcin kamun kifi a wannan yanki har ranar biki ko ɓarayin dare sun riga kowa, me Sarkin Ruwa ya gani da ya shiga dubawa. Bayan ruwa a tambayi homa, ko ta ruɓe, sannan gora, ko ya tsage, sai daga ƙarshe a zo kan mutumin. An san shekarun da ƙarancin ruwa ya hana su ɗungurungum, an kuma san bikin ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a farfaɗo da shi a 2020, ba tare da hannun masunta ya mutu ba. A ƙwallo kuwa daga mutum muke farawa, a kansa kuma muke tsayawa. Wataƙila kokawa ce ta saba mana da haka, tunda a fagen kokawa wanda bayansa ya taɓa ƙasa shi ne ya faɗi, babu wanda zai raba laifin da shi. Amma ƙungiya ta mutum goma sha ɗaya, da benci, da koci, da hukuma, da baitulmali, da fili, da jama'ar gari, halitta ce dabam, kuma ciwonta yakan bayyana a gaɓar da ba nan ya samo asali ba.

A fara da tarihin majinyacin. An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, a garin da ya riga ya san daɗin nasara tun zamanin Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978. Ta ɗauki kofin gasar firimiya a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, sannan ta jera uku, 2012 da 2013 da 2014, biyun farko tare da Baba Ganaru, na ukun tare da Okey Emordi. A 2009 ta yi abin da har yau ake labarinsa, ta fitar da Al Ahly ta Misira, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, bayan kunnen doki 1 da 1 a gida da 2 da 2 a Alƙahira, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna, da bugun fenariti a kan Niger Tornadoes. Shekara uku kacal bayan wannan kofi, ita da Katsina United da Heartland da MFM suka gangara rukunin 'yan dagaji, bayan ta yi kimanin shekara ashirin ba ta san hanyar can ba.

Tambaya ta farko da ya kamata mai bincike ya yi, kafin ya nemi magani, ita ce ko akwai ciwon ma tukuna, domin wasa yana da rabo, kuma rabo yakan yi kama da cuta. A nan ne na ga hikimar masu wani wasa da ƙasarmu mai zafi ba ta san shi ba, wato hokin da ake yi a kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, inda mutum shida a kowane ɓangare suke zamiya da takalma masu ƙarfe suna korar ɗan faifan roba da sanda. Da yake ƙungiyoyinsu suna buga wasa 82 a kaka guda, kuma ana rubuta kowane hari da aka kai raga, masana lissafinsu sun lura cewa yawan cin da aka yi cikin mako biyu ko uku shaida ce mai rauni, yawan harin da ƙungiya ke kaiwa da wanda ake kawo mata shi ne shaida mai ƙarfi. Ƙungiyar da take mamaye abokan karawarta amma faifan yana ƙin shiga, sukan ce a yi mata haƙuri, wadda kuwa take ci alhali ana yi mata ruwan hare-hare, sukan ce ranar tonon asirinta na tafe. Ƙungiyar St. Louis Blues ta sallami kocinta a watan Nuwamba na 2018, abin bai gyaru nan take ba, har farkon Janairun 2019 ita ce kurar baya cikin ƙungiyoyi 31. Sai aka sa wani matashin mai tsaron gida, Jordan Binnington, ta jera nasara 11, a watan Yuni kuma ta ɗauki kofin Stanley. Da a majalisarmu aka yanke hukuncinta a watan Disamba, da an kori kowa har mai wankin riguna. A wancan gefen kuma ga Toronto Maple Leafs, wadda take cikin mafiya dukiya da magoya baya a wasan, amma rabonta da wannan kofi tun 1967, abin da ya isa hujja cewa aljihu mai nauyi ba ya warkar da kowace cuta.

Shin Pillars rashin sa'a ne ya same ta? Wasa 38 sun yi yawa a ɗora wa rabo. Rashin sa'a yakan ci wasa uku ko huɗu, ba ya cin kaka sukutum. Ciwon na gaske ne.

Malaman usulu sun bar mana ma'auni mai kyau na gane illar hukunci, wato a duba siffar da idan ta samu hukuncin ya samu, idan ta gushe ya gushe. Duk siffar da aka tarar tana nan a halin lafiya tana kuma nan a halin ciwo, ba za a ce ita kaɗai ce illa ba. A ɗora wannan ma'auni a kan zargin da 'yan boko suka fi so, cewa mallakar gwamnati ce ta kashe ƙwallon Nijeriya. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin ƙungiyar da gwamna ke naɗa shugabanninta, wadda kuɗin tafiyarta da albashin 'yan wasanta sai takarda ta zaga ofisoshi kafin su fito, wadda kuma ake iya rushe hukumarta da sanarwa guda ranar da siyasa ta juya, ba ta da ikon shirya abin da ya wuce kaka ɗaya; kuma nasarar Remo Stars ta Ikenne a 2025, ƙungiyar ɗan kasuwa mai filinta da makarantar renon yaranta, ta ƙara wa masu wannan ra'ayi ƙarfi. Amma Pillars ta gwamnati ce a 2014 da ta ɗauki kofi na uku a jere, ta gwamnati ce a 2022 da ta faɗi. Rivers United da ta lashe gasar a shekarar faɗuwar ita ma ta gwamnati ce. MFM da suka gangara tare kuwa ba ta gwamnati ba ce. Saboda haka mallakar gwamnati ƙasa ce da cutar ke jin daɗin tsiro a cikinta, amma irin daga wani wuri ya zo.

Haka zancen koci. Gaskiya ne cewa tsakanin 2020 da 2022 ƙungiyar ta ratsa hannun Bafaranshe Lionel Soccoia, da Ibrahim Musa, da Salisu Yusuf, kuma kowane sabon koci yakan zo da tsarinsa da yaransa, ya tarar da na wanda ya gada, a wayi gari ɗakin sauya kaya ya rabu gida biyu ko uku. Sai dai yawan sauya koci, a ganina, ya fi kama da zazzaɓi, wato alamar da jiki ke nunawa idan wani abu ya ɓaci a ciki. Hukumar da ba ta da haƙurin bincike ita ce ke sallamar koci, domin shi ne mafi arahar abin da za a miƙa wa jama'a su huce.

Inda nake ganin maganar take shi ne a cikin kirarin ƙungiyar kansa: Sai Masu Gida. Duk wanda ya san gasar Nijeriya ya san cewa cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske, saboda dalilan da wasu ana faɗinsu a fili, wasu kuma sai da raɗa. Akwai tafiya, wadda mai kallon gasar Ingila a gidan kallo ba zai taɓa kwatanta ta ba: daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal ko Uyo a mota, fiye da kilomita dubu, ƙafafu a naɗe, abinci na bakin hanya, barci rabi da rabi, sannan a ce mutum ya fito ya yi gudu minti casa'in. Akwai hatsarin hanyar, kuma Pillars ta ɗanɗana shi a watan Maris na 2015, sa'ad da 'yan fashi suka buɗe wa motarta wuta tana kan hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar, cikinsu har da Gambo Muhammad. Akwai kuma alƙalin wasa, wanda shi ma ɗan Adam ne mai iyali, yana duban dubban mutane a kan tudu yana duban ƙofar fita guda ɗaya. A gasa irin wannan lissafin a bayyane yake: wasa 19 ne a gida, kowanne maki 3, jimla 57, kuma ƙungiyar da ta kwashe kusan dukkansu, ta tsinto 'yan canjaras a waje, ta shiga sahun masu neman kofi ko da ba ta burge kowa ba a Kudu. Pillars ta gina daularta a kan wannan lissafi fiye da kowa. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya yi shekara goma sha biyu ba a ci ta a cikinsa a wasan gasa ba, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1. Baƙo yakan shigo filin ya tarar an cika shi tun azahar, ganguna na tashi, gari guda yana numfashi tare, sai gwiwarsa ta yi sanyi tun kafin a busa usur. Abin da Ibn Khaldun ya kira asabiyya ke nan, wato ƙarfin da jama'a ke samu daga jin cewa su ɗaya ne, wanda yake ɗaukar ƙabila mai ƙarancin makami ya ɗora ta a kan wadda ta fi ta.

Amma ƙarfi irin wannan yana da aibi ɓoyayye, shi ne yana rufe sauran aibobi. Muddin gida yana biyan bashi, babu mai tambayar me ya sa ake sayar da gwanaye ba a reni magadansu ba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka guda ya wuce Turai a 2010. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato maƙwabcinmu, ya yi tashensa ya wuce Kuwaiti. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018 ya wuce Tunisiya. Tafiyarsu ba laifi ba ce, arzikinsu ne ya kira su, kuma kowace ƙungiya a Afirka haka take rayuwa. Abin tambaya shi ne ina kuɗin ya shiga, wane yaro aka tanada a bayan kowannensu. Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ya haura shekara arba'in yana ɗauke da ƙungiyar a kafaɗarsa, kuma ina cikin masu cire masa hula. Sai dai abin da yake abin yabo ne gare shi, tuhuma ce ga waɗanda suka yi shekara goma ba su samar da wanda zai karɓe shi ba. Alamar ta ma taɓa fitowa fili a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, inda Pillars ta yi gaba da ci 3 da nema, Enugu Rangers ta farke dukkansu, ta kuma ɗauke kofin da fenariti. Ƙungiyar da ta saba jama'a su riƙe mata wasa idan ƙafa ta gaji, ranar da ta waiwaya ba ta ga jama'ar ba sai ta rasa abin kamawa. Nasarar shekarar da ta biyo baya ta sa aka manta da wannan darasi.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aka mai da filin Ƙofar Mata wurin killace majinyata, daga baya kuma shimfiɗar filin ta kasa cika sharuɗɗan masu shirya gasa, Masu Gida suka koma baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna, fiye da kilomita 200 daga gida. Adalci ya wajabta in ambaci abin da ke iya zama hujja a kaina, wato a kakar farko ta wannan hijira ƙungiyar ba ta yi nisa da saman teburi ba, har Ahmed Musa ya dawo ya buga mata wasanni a 2021. Amma duk wanda ya san fadamar Rima ya san cewa tafkin da ya yanke daga gulbi ba ya ƙafewa a watan farko. Yana nan da ruwansa da kifinsa, mai wucewa ya ce lafiya lau, alhali tun ranar da mashigar ta toshe aka fara ƙirga kwanakinsa. A kakar farko kowa ma babu 'yan kallo sosai saboda dokar annoba, don haka rashin bai bambanta ta da sauran ba. A ta biyu kowa ya koma gidansa, ita tana bisa hanya, kowane wasa tafiya, kowane mako masauki da kuɗin mota, babu kuɗin ƙofa na kirki, babu tsoron da ke kama baƙo.

A babin zakka malamai sukan ce mallakar nisabi sababi ne, kewayowar shekara sharaɗi, bashi kuma mani'i, wato abin da ke hana hukunci tabbata ko da sauran sun cika. Idan aka aro wannan rabo, rasa gida shi ne sababin faɗuwar, tsufan 'yan wasa da rashin magada da sauye-sauyen koci da hukumar da ba ta da gobe su ne sharuɗɗan da suka ba sababin damar aiki, abin da ya hana tsira kuwa, bayan ƙofarta ta buɗe, shi ne abin da ya fi ba ni takaici a labarin duka. A watan Afrilu na 2022 aka yarje wa ƙungiyar ta koma Kano, gari ya yi cikar kwari don tarbar ta a wasa da Katsina United, wato maganin da aka yi shekara biyu ana jira ya iso. Wasan bai ƙare ba. 'Yan kallo suka ɓarke cikin fili ana canjaras babu ci, aka farfasa motar baƙi, masu shirya gasa suka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 9, suka zaftare mata maki 3, suka sake fitar da ita daga gidan da ta shiga jiya-jiya. A watan Yuni kuma, a wasa da Dakkada, wani babban jami'inta ya kai hannu jikin mataimakin alƙalin wasa, aka sake yanke mata maki. A ƙasan teburi, inda maki guda ke raba mai tsira da mai halaka, wannan daidai yake da majinyaci ya kifar da ƙwaryar maganinsa da ƙafarsa. Asabiyyar da ta yi shekara goma sha biyu tana tsare gida ita ce ta juyo ta cinye shi, domin jama'ar da aka saba wa cewa ba a cin su a gida ba a taɓa koya musu yadda ake haƙuri da canjaras ba.

Mu a Kabi muna da dalilin karanta wannan da idon basira, ko da yake Kebbi United tana fafutukarta ne a rukunonin ƙasa, filin Haliru Abdu kuma bai saba ganin taron Ƙofar Mata ba. Yaran da ke buga ƙwallo babu takalmi a busasshiyar fadama da rani, daga Argungu har Jega da Yawuri, ba su gaza na ko'ina ba. Kuma jihar da shinkafarta ta ɗaga manyan masana'antu a Birnin Kebbi da Argungu ba za a ce ta rasa masu hannu da shunin da za su iya riƙe ƙungiya ba tare da jiran takardar ofis ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da Allah ya kai mu babban rukuni mu ɗauki darasin da ya fi sauƙi, mu ce sirrin shi ne a cika fili a tsorata baƙo.

Pillars ta dawo babban rukuni a 2023, a yunƙurinta na farko, tare da Katsina United da Heartland, filin ya sake cika, a 2025 kuma aka naɗa Ahmed Musa babban manajanta, mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila da Turkiyya, wanda kuma babu mai shakkar ƙaunarsa ga garin. A watan Oktoba na 2025 ɗin, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ci ana dab da tashi a Ƙofar Mata, 'yan kallo suka sake tsallake shinge suka far wa alƙalai da baƙi, aka sake cin tara, aka sake zaftare maki 3, aka rufe filin. Wurin da aka tura Masu Gida su riƙa karɓar baƙinsu shi ne filin Muhammadu Dikko da ke Katsina, gidan mutanen da aka farfasa wa mota shekara uku kafin nan.